Kasuwar Kayan Kwalliya Ta Koma Cikin Waya: Yadda 'Ya'yanmu Ke Tankaɗe Haja A Tamale

Duk wanda ya taɓa raka iyalinsa sayayya kasuwar Aboabo ko babbar kasuwar Tamale ana saura 'yan kwanaki Salla, ya san yadda ciniki yake a teburin masu kayan kwalliya. Mace za ta tsaya, tun ba ta buɗe baki ba mai tebur ta riga ta dube ta sama da ƙasa, ta ga launin fatarta, ta ga ko goyo gare ta, ta kuma ƙiyasta nauyin jakarta. Tambaya biyu ko uku za ta yi mata, sai ta miƙa hannu cikin tulin kwalabe da gwangwanaye sama da ɗari ta zaro guda uku ta ajiye a gabanta. Sauran kuwa ko kallonsu ba za a yi ba. Wannan aiki da idon mai tebur da bakinta ke gamawa cikin minti ɗaya, shi ne yau ya zame wa 'ya'yanmu masu sayar da kaya ta wayar hannu ciwon kai, kuma a kansa ne muke so mu tattauna da masu karatu a wannan wata.

Idan ba a manta ba, a shekarar 2009 ne kamfanin MTN ya kawo tsarin aika kuɗi ta waya a ƙasar nan, wanda kowa ke kira MoMo. A 2018 kuma WhatsApp ya fito da manhaja ta musamman domin 'yan kasuwa. Da waɗannan biyu suka haɗu da baburan da suka cika garin nan, waɗanda matanmu ma ba a bar su a baya ba wajen tuƙa su, sai aka wayi gari yarinya tana zaune a ɗakin uwarta a Sabonjida ko Moshi Zango, amma tana da shago. Ba ta biyan hayar rumfa, ba ta shan rana. Ta ɗauki hoton kaya ta saka, a yi ciniki ta saƙon murya, kuɗi su shigo, yaro ya hau babur ya kai. Masu ƙarfi a cikinsu sun wuce nan, sun buɗe shafi a Instagram da Facebook da TikTok, wasu sun sa kaya a Jiji ko Jumia, 'yan kaɗan kuma sun biya an gina masu shagon kansu a intanet.

Mu mutanen Zango ba baƙin wannan sana'a ba ne. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga neman goro ba hannu biyu suke zuwa ba. Sukan ɗauko kanwa da tufafi da fatu, da 'yan kayan ado irin su tozali da duwatsun wuya. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne da yawansu suka watsu zuwa wasu garuruwa, kuma da Turawa suka mai da Tamale hedkwatar Arewa a 1907, Zangon nan ya ƙara cika. Har gobe kuwa, in ana neman humra ko turaren wuta ko dilka na gaske a garin nan, gidajenmu ake tambaya. Abin da ya sake shi ne wurin baza kayan, ba kayan ba.

Abin da ya jawo hankalinmu ga batun, a cikin gida ya faru. Wata 'yar yayarmu da ta gama karatu ta rasa aikin ofis ta ɗauki sana'ar uwarta, wadda ta yi shekaru tana da tebur a kasuwa kafin ƙafa ta hana ta. Yarinyar ta fara da kaya kamar kala ashirin. Cikin shekara biyu suka haura ɗari da hamsin. Kullum da safe sai ta zuba hotuna arba'in ko hamsin a jere a wayarta, tana ganin yawan kaya shi ne talla. Ran nan ta zo mana rai a ɓace ta ce, "Kawu, mutane suna kallo amma ba su saye. Wanda ya yi magana ma, abin da na saka jiya shi zai sake tambayata." Muka karɓi wayar muka duba. Jan baki ne kusa da sabulun jarirai, daga nan turare, daga nan man kitso, sai kuma wani jan bakin. Mu da muke kawunta ma, a hoto na goma sha biyu muka gaji. Ina ga baƙuwar da take lissafin kuɗin datar da ta saya da safe?

Manyan shagunan intanet sun daɗe da samun maganin wannan. A gefen shafinsu akwai 'yan akwatuna da mai saye yake taɓawa: irin kaya, farashi daga kaza zuwa kaza, launi, girma, kamfani. Kowane ka taɓa, sai kayan da ba su dace ba su ɓace, har a bar ka da biyar ko shida daga cikin dubu. Mu dai a gida rariya muka sa wa abin suna, domin aikinta yake yi, kuma sunan ya bi shi. Amma akwai abin da ya kamata a fahimta tun farko, wanda masu gina shafuka ba su cika gaya wa 'yan kasuwa ba sai bayan sun karɓi kuɗinsu. Na'ura ba ta san man kaɗanya ba, ba ta san hoda ba. Abin da aka rubuta a jikin kowane kaya kawai take bi. In ba a zauna an rubuta wa kowace kwalba irinta da farashinta da girmanta da amfaninta ba, rariyar ba ta da abin tankaɗewa.

Saboda haka aikin bai fara daga kwamfuta ba, daga littafi mai layi ya fara. Muka sa yarinyar ta fito da kayan kaf ta shimfiɗa a tabarma, ta ja wa kowanne layi a littafi. Kwana huɗu aka yi ana wannan. A nan ne aka gano kwalabe bakwai da wa'adinsu ya wuce suna kwance a ƙasan kwali, aka kuma gano abu ɗaya da ta riƙa sayarwa da suna uku, farashi biyu.

Sa'an nan aka zo kan babbar tambaya, watau da waɗanne ramuka za a yi rariyar. Yarinyar ta so ta kwafi abin da ta gani a shagunan Turai, inda ake raba kaya bisa sunan kamfani da irin fata, mai maiƙo ko busasshiya ko mai saurin kamuwa. Uwarta tana daga gefe tana jin mu, ta ce a shekarunta na kasuwa ba ta tuna ranar da wata ta zo ta fara da sunan kamfani ba. Abin da ake fara tambaya shi ne na nawa ne, sai kuma maganin me yake yi. Mai faso a dunduniya maganin faso take nema, mai kaushi na kaushi, mai ƙuraje na ƙuraje, wadda gashinta ke karyewa ko amosani ya dame ta ita ma haka. Bayan wannan sai lokaci: kayan hunturu daban, domin daga Disamba zuwa Fabrairu iskar nan ba ta barin leɓe ko ƙafa, na zafin Maris da Afrilu kuma daban, lokacin da mai nauyi ke narkewa a jiki. Sai kuma sha'ani: kayan lefe, kayan gyaran amarya, kayan mai jego da jariri, tsarabar Salla. Mun ba Yaya gaskiya. Muka ce wa yarinyar ta koma cikin saƙonnin da aka aiko mata na wata uku, ta ƙirga tambayoyin da aka fi yi. Abin da uwarta ta faɗa shi ta tarar.

Maganar farashi tana da nata tarko a ƙasar nan. Tun watan Yuli na 2007 aka sake kuɗi, aka mai da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1, amma har yau iyayenmu da yawa da tsohon lissafi suke magana. Sidi 100 a bakinsu miliyan ɗaya ne, sidi 50 kuma dubu ɗari biyar. A rubuce dole a tsaya kan sabon kuɗi, a sa alamarsa a fili, amma mai amsa saƙon murya sai ta iya harshe biyun. Sa'an nan matakan farashin su dace da kayan da ke shagon. Idan kusan duk kayanki tsakanin sidi 20 da 150 suke, ba amfani a yi mataki ɗaya daga sifiri zuwa 500, domin ba abin da zai tace. Uku ko huɗu sun isa: ƙasa da 30, daga 30 zuwa 70, daga 70 zuwa 150, sai abin da ya haura. Kuma a rubuta farashin. Wannan ɗabi'a ta a ce wa mutum ya biyo ta bayan fage kafin a gaya masa kuɗin kwalbar basilin, mu dai ba mu ga abin da take jawowa ba sai zargin cewa kowa da farashinsa. Harajin aika kuɗi ta waya da aka kawo a Mayun 2022, wanda ya sa wasu masu kaya suka riƙa cewa a ɗora wani abu a kai, an soke shi a Afrilun 2025, don haka wannan uzurin ma ya ƙare.

Wani wurin da aka yi tuntuɓe shi ne harshe. Abokan cinikin yarinyar nan akwai Hausawa, akwai Dagwamba waɗanda su ne masu gari, akwai Gonjawa da Mosawa da ma'aikatan da aka turo daga Kudu, da ɗaliban jami'ar UDS. Abu ɗaya, mu mu ce man kaɗanya ko man kaɗe, mutumin Kumasi ya ce nkuto, ɗan boko ya kira shi da Turanci. Har a cikin Hausar ma, wanda ya rubuta "kade" da wanda ya rubuta "kaɗe", na'ura tana iya ɗaukarsu a matsayin kalmomi biyu, tunda wayoyi da yawa ba a saita masu haruffanmu masu lanƙwasa ba. Dabarar da aka yi ita ce a tsai da suna ɗaya a saman kowane kaya, a jera sauran sunayen a cikin bayaninsa, yadda ko da wanne aka nema zai fito. Ga waɗanda ba su karatun boko kuwa, kuma suna da yawa cikin masu kuɗin sayen, sai aka sa wa kowane rukuni hoto ɗaya da ba ya bukatar fassara: dunduniya, kan da aka yi wa kitso, akwatin lefe, kaskon turare.

Ba sai mai shagon intanet na kanta kaɗai ke iya wannan ba. Tun 2019 manhajar kasuwanci ta WhatsApp take da wurin jera kaya da hoto da farashi, wanda ke ɗaukar har kala 500, kuma a 2021 aka ƙara damar raba su rukuni-rukuni. Ba rariya ce cikakkiya ba, domin ba za ka iya haɗa sharaɗi biyu a lokaci ɗaya ba, ka ce kayan hunturu kuma na ƙasa da sidi 30. Amma ga mai kaya ɗari ko ɗari biyu ta wadatar, kuma kyauta ce. Wadda ta kai ga gina shafi kuwa, ta lura da abu biyu idan mai ginin ya kawo mata aiki. Na ɗaya, idan mai saye ta zaɓi ja da ruwan hoda a jan baki, ya kamata duka biyun su fito, amma idan ta zaɓi ja ta kuma zaɓi ƙasa da sidi 30, sai wanda ya cika sharaɗi biyun kaɗai. Na biyu, kada a bar zaɓin da in an taɓa shi shafi zai fito fayau ba kaya. Mai saye ba ta cewa kaya sun ƙare, cewa take shagon ya lalace. A kuma gwada shafin a ƙaramar waya mai arha, a unguwar da sabis ke wahala, ba a kwamfutar mai ginin ba.

Akwai wasu ramuka biyu da ba za a same su a shagon Bature ba, amma a nan suna da kasuwa. Ɗaya shi ne turare mai sinadarin barasa da wanda ba shi da shi. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, kuma ba aikin mai shago ba ne ta yi fatawa, amma aikinta ne ta faɗi abin da ke cikin kwalba don kowa ya bi abin da ya natsu da shi. Na biyu shi ne lalle da jan farce, saboda maganar alwala. A kan lallen ma sai an ƙara rabawa, domin baƙin lallen da ake yayi a bukukuwa sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda yakan tayar wa wasu da ƙuraje masu ruwa, har ya bar tabo daidai zanen da aka yi. Lallen ganye ba ya baƙi ƙirin cikin rabin sa'a. Duk wanda ya yi haka, akwai abin da aka sa masa.

Hoda da man fuska masu launi su ne suka fi jawo rigimar a mayar da kaya. Shekaru da dama kamfanonin waje ba su damu da baƙar fata ba, launi uku ko huɗu suke yi mana. A 2017 ne kamfanin Fenty Beauty na mawaƙiya Rihanna ya fito da launi 40 a tashi ɗaya, sauran kamfanoni suka bi sahu, kuma kayansa sun shigo kasuwar Ghana a hukumance a 2022. To amma lambar launi ta wani kamfani ba ta zama ta wani, hoton kwalba kuma ba ya nuna komai. Abin da ya yi wa yarinyarmu aiki shi ne ta tara ƙawayenta huɗu masu launi daban-daban, daga baƙa sosai zuwa wankan tarwaɗa zuwa fara, ta shafa kowace hoda a gefen muƙamuƙinsu, ta ɗauki hoto da hantsi a inuwar zaure, ba tare da ta bar wayar ta gyara hoton ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda aka yi kwana uku ba a jituwa a gidan shi ne kan rukuni guda, wanda kuma shi ne aka fi tambaya a cikin saƙonnin nan na wata uku: mai ƙara haske.

Ba sai mun ɓoye wa juna ba. Bilicin ya shiga Zangunanmu, daga Tamale har Nima da Asawase, kuma ba 'yan mata kaɗai ba, har da matan aure da wasu mazan. Ba a kiransa da sunansa. Sai a ce mai gyara fata, ko mai fito da launi, ko haɗin amarya. Doka kuwa a fili take. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, watau FDA, wadda dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ba ikon rajistar kayan shafe-shafe, ta hana shigo da mayukan da ke ɗauke da sinadarin haidirokwinon da sayar da su tun daga watan Agusta na 2016. Maƙwabciyarmu Kwaddibuwa ta riga mu da shekara ɗaya. A 2018 hukumar ta sake fitowa ta gargaɗi mata masu ciki da ke shan ƙwayoyi wai don a haifi jariri fari. Game da sinadarin makuri kuma, Ghana ta amince da yarjejeniyar Minamata a 2017, kuma a taron da ƙasashen yarjejeniyar suka yi a Janiba a 2023 an tsai da shekarar 2025 a matsayin wa'adin daina sa shi a kayan kwalliya baki ɗaya, komai ƙanƙantarsa.

Dalilan hanin ba ɓoyayyu ba ne ga duk mai ido. Haidirokwinon idan aka daɗe ana shafa shi, maimakon haske sai ya bar baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi, wanda ba ya fita da sauƙi. Mayukan da ke da sinadarin sitiroyid, waɗanda asalinsu magani ne da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki, suna sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ciwo ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa, kuma suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Makuri kuwa ƙoda yake ci da jijiyoyi, yana kuma ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Mafi haɗari shi ne haɗin gida, wanda ake zuba abu huɗu ko biyar a roba marar suna, domin ko mai haɗin ba ta san adadin abin da ta zuba ba.

Yarinyar tana da kwali guda na irin waɗannan, da ta saro a hannun wani mai kawo kaya ta kan iyaka. Hujjarta ita ce ba ita ta ce a shafa ba, in ba ta sayar ba ta gaba za ta sayar, kuma ribar kwalba ɗaya ta fi ta sabulun salo goma. Ba ƙarya ta yi ba a lissafin. Uwarta ma ba ta musa cewa ta taɓa sayar da irinsu a tebur ba. Amma ta ce da bambanci. A kasuwa tana ganin fuskar mai saye, in ta ga yarinya ce ƙarama, ko mai ciki, ko wadda fatarta ta riga ta ƙone, takan ce mata, "'Yata, bar wannan, ga wani." A waya ba wanda ke ganin kowa. Mu kuma abin da muka ƙara shi ne, rukunin da ka rubuta a saman shago ba jerin kaya ba ne kawai, kira ne. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta shigo neman man leɓe, in ta ga an rubuta mai ƙara haske da hoton hannu biyu, ɗaya baƙi ɗaya fari, an riga an gaya mata wanne ne ake so. Banda haka, abin da aka rubuta a intanet shaida ne. Ran da jami'an hukuma suka tashi bincike, ba sai sun ɗaga ƙasan tebur ba.

A ƙarshe an cire rukunin. A madadinsa aka sa biyu: na tabon ƙuraje, da na kariya daga rana, domin da yawan masu neman haske in aka bi maganarsu a hankali tabo ne ya dame su, ko fuskar da rana ta dafa a kan babur. Aka kuma ƙara wani layi a littafin nan, na lambar rajistar FDA, wadda ake bugawa a jikin kayan da hukumar ta amince da su. Duk kayan kamfanin da ba shi da ita, ko ba a rubuta abin da ke cikinsa da ranar ƙarewar wa'adinsa ba, bai shiga shagon ba.

Wannan sharaɗi ya taɓa wani abu da ba mu zata ba, watau tozali. Muna sa wa jarirai tun ranar suna, kuma ba wanda ya taɓa kawo mana cewa akwai matsala. Amma tozalin dutse na asali ma'adinin darma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya, a birnin Boston, da aka samu darma a jininsa, kuma da aka auna tozalin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 darma ce. Darma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ba ta kuma nuna alama da wuri. Yaya ba ta ji daɗin wannan magana ba ko kaɗan, ta ce da shi aka raine mu duka. Haka ne. Amma an cire shi daga rukunin mai jego da jariri.

Sai kayanmu na gida, waɗanda su ne abin alfaharin shagon, amma ba su da lamba: man kaɗanya, sabulun salo, humra, turaren wuta. A nan Tamale ba mu da uzurin raina man kaɗanya. Tun 1994 kamfanin The Body Shop na Ingila yake sayensa daga hannun ƙungiyar mata ta Tungteiya da ke ƙauyukan kewayen garin nan, ana zuba shi a robobi masu kyau ana sayarwa a London da tsada, kuma ƙungiyar masu harkar kaɗanya ta duniya da aka kafa a 2011 a birnin Ankara take da hedkwata. Mu kuwa muna sayar da shi a ƙwarya ko a leda, ba awo. A shagon waya wannan ba ya yiwuwa, domin mai saye a Kumasi ba ta ganin girman curin. Dole a sayi sikeli, a ce giram 250 ne ko 500 ko kilo ɗaya, fari ne ko rawaya, zalla ne ko an sa masa ƙamshi, kuma a wane wata aka kaɗa shi. Game da rajista, a 2020 FDA ta fito da tsarin ba ƙananan masu sana'a lasisi mataki-mataki, kuma tana da ofishi a nan Tamale, ba sai an je Ankara ba. Muna ba masu haɗa humra da sabulu a Zango shawara su haɗu su je tare su ji sharuɗɗan, domin manyan shagunan intanet da kantunan zamani lambar suke fara tambaya.

Ramin ƙarshe da aka huda shi ne na inda mai saye take. Cikin gari, daga Lamashegu zuwa Kalpohin, babur ne, kuma a yini ake kaiwa. Yendi da Salaga da Bawku da Kumasi sai an ba mota. Man kaɗanya da jan baki ba su jure kwana a bayan mota a watan Maris, kwalbar humra kuma ba ta jure ramukan hanya in ba a naɗe ta da kyau ba. Don haka akwai kayan da aka rubuta wa cikin Tamale kaɗai har sai damina ta sauka. Adireshin zamani na GhanaPost GPS da aka kawo a 2017 yana taimakawa, ko da yake yaron babur har yanzu ya fi gane a ce masa bayan masallaci, gida mai bishiyar darbejiya.

Yanzu wata biyar ke nan da gyaran. Hotunan safe sun ragu daga hamsin zuwa biyar ko shida, kowanne yana nuna rukuni ɗaya. Rukunin lefe ne ya fi kawo kuɗi, na faso da kaushi ya fi kawo mutane. Wasu abokan ciniki sun tafi, ciki har da wata mai gyaran amare da takan ɗauki dozin a lokaci ɗaya, kuma yarinyar ba ta daina ambatar ta ba. Har yanzu ba a kwana biyu ba a aiko mata saƙo ana tambayar ko akwai mai ƙara haske ba. Ta naɗi amsa guda da muryarta, da Hausa da Dagbanci, tana turawa. Kwalin nan kuwa mai kawo kayan ya ƙi karɓa, ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Yana nan a ƙarƙashin gadon Yaya, ta ce a bar shi a wurinta har a tambayi ofishin hukumar yadda ake zubar da irinsa, domin ba ta yarda a watsa shi a kwata inda awaki da yara ke wasa ba.